Jiki, rai, kurwa da hankali: tarihin wata tambaya a ƙasar Adar da Gobir Tudu

0. Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ɗalibanmu na falsafa da na ilimin halayyar ɗan Adam ke gamuwa da ita tun shekarar farko, cikin Faransanci: mece ce dangantakar jiki da abin da ke tunani a cikinsa? Ita ce tushen fannin da ake kira biopsychologie, watau ilimin da ke neman asalin hali da tunani a cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Duk wanda ya gwada mayar da wannan darasi cikin Hausa ya san aikin yakan cije tun daga take. Corps dai jiki ne, babu gardama. To esprit fa, hankali ne, ko ruhi, ko iska? Âme kuma, rai ne ko kurwa?

Abin da muke son nunawa a wannan takarda shi ne, wahalar ba daga ƙarancin kalmomi ta taso ba. Hausa tana da kalmomi biyar ko shida a inda Faransancin falsafa ya tsaya ga biyu, kuma kowace tana da zamanin da ta shigo da mutanen da suka kawo ta. Za mu bi wannan tarihi a yankin da ya tashi daga Sabon Gida, cikin kwarin Tarka a gundumar Madawa, ya haura zuwa duwatsun Buza da Keita, watau Gobir Tudu da Adar a jahar Tawa. Mun zaɓi yankin ne domin an yi masa aiki sosai: Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Nasara (1975), Nicole Echard ta yi shekaru tana nazarin borinsa (1989), Bernard Caron kuma ya bayyana karin harshensa (1991). An rubuta misalan da daidaitacciyar Hausa. Mai karatu ya san a bakin mutumin Adar hwarin ciki zai ji a inda muka sa farin ciki.

1. Tambayar kamar yadda ta zo mana daga Turai

A 1641 René Descartes, wanda za mu riƙa rubutawa Dekart, ya raba mutum gida biyu: jiki, mai tsawo da faɗi wanda ba ya tunani, da wani abu mai tunani wanda ba shi da tsawo ko faɗi. Shekara biyu bayan haka, a 1643, gimbiya Elisabeth ta Bohemiya ta aika masa da tambayar da ta zama ƙashin bayan wannan fanni har yau: abin da ba ya taɓuwa, ta yaya zai motsa hannu? A littafinsa na 1649 Dekart ya ce wurin haɗuwarsu wani ɗan ƙullutu ne a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Amsar ba ta gamsar da masu bin sawunsa ba. A 1747 likita La Mettrie ya zubar da kashi na biyun ɗungum, ya ce mutum inji ne.

Hujjar gani da ido ta zo a 1861. Wani majinyaci mai suna Leborgne ya rasu a asibitin Bicêtre kusa da Paris, bayan ya yi shekaru ba ya iya furta komi sai gaɓa ɗaya, tan, alhali yana gane abin da ake gaya masa. Paul Broca ya buɗe kansa, ya tarar da lahani a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. A 1874 Carl Wernicke ya nuna wani wuri can baya, wanda in ya lalace mutum yakan yi ta zuba magana marar kan gado, ba ya kuma gane ta wasu. Ya kamata masu kimiyyar harshe su riƙe wannan: magana ce aikin hankali na farko da aka nuna wa mazauni a cikin nama da hujjar da ta tsaya.

Daga nan hanya ta miƙe. A 1949 Donald Hebb ya bayyana koyo da cewa ƙarfafar mahaɗa ce tsakanin ƙwayoyin jijiya masu aiki tare. Place a 1956 da Smart a 1959 suka ce yanayin tunani da yanayin ƙwaƙwalwa abu guda ne mai suna biyu. Jean-Pierre Changeux ya kawo wannan ra'ayi ga masu karatun Faransanci a 1983, kuma a 1998 suka fitar da littafin muhawara shi da Paul Ricœur, inda Ricœur ya dage cewa zancen jijiyoyi da zancen abin da mutum ke ji a ransa harsuna biyu ne da ba a cuɗa su. Abin da ya tabbata a yau shi ne babu wani aikin hankali da ba ya canzawa idan aka taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ake ci gaba da jayayya a kansa shi ne wanda David Chalmers ya ware a 1995: me ya sa wannan aiki na jijiyoyi yake zuwa tare da ji, da zafi, da daɗi?

2. Abin da harshe ya adana

Mu dubi waɗannan jimloli, waɗanda za a iya ji a kowace kasuwa daga Sabon Gida zuwa Keita:

(1) a. Ransa ya ɓaci.
b. Ya ce a ransa ba zai koma ba.
c. Rai ya yi halinsa.

(2) a. Hankalinsa ya tashi.
b. Hankalinsa ya kwanta.
c. Hankalinsa ya gushe.
d. Yaron nan ya yi hankali.

(3) a. Zuciya ta ɗebe shi.
b. Yana da zurfin ciki.
c. Baƙin ciki ya kama shi.

(4) a. Jikina ya ba ni.
b. Jikinsa ya yi sanyi.
c. Ya sha jinin jikinsa.

(5) Maye ya kama kurwarsa.

Abubuwa huɗu suka fito. Na farko, jikin Bahaushe yana sani. A (4a) jiki ne ke ba da labarin abin da bai faru ba tukuna, kuma karin magana ya kira shi magayi. Aikatau ɗaya, ji, shi ke ɗaukar sauti da zafi da wari da ganewa: na ji ƙara, na ji ciwo, ina jin Hausa. Na biyu, hankali ba ya zama kamar wani mazaunin dindindin. Aikatan da ke bin sa na motsi ne da na yanayi, yana tashi, yana kwanciya, yana gushewa. Yaro yana yin sa da girma. Mahaukaci ya rasa shi alhali ransa na nan, dabba kuma tana da rai ba a neman hankali gare ta. Shi ne mai ganewa, shi ya sa ake cewa hankali ke gani, ido gululu ne, amma ba mu cewa hankalin mamaci ya tafi lahira. Na uku, abin da ke rabuwa da jiki mutum yana raye shi ne kurwa, ita kuwa ba ta tunani. Tana yawo cikin barci, ana kama ta, ana ɓoye ta, a cewar jama'a har cinye ta maye yakan yi. Mai ita sai ya rame ya lalace. Na huɗu, ƙwaƙwalwa ba ta da wani babban matsayi a tsofaffin maganganu. Kai yana da shi (taurin kai, girman kai, kansa ya ɗaure, ni da kaina), amma ƙwaƙwalwa ta daɗe tana nufin abin da ake fasa kan rago a ciro.

Ke nan abin da Dekart ya ɗaure wuri guda, watau tunani, da rabuwa da jiki, da wanzuwa bayan mutuwa, Hausa ta rarraba shi: tunani ga hankali da zuciya, rabuwa ga kurwa, wanzuwa ga rai ko ruhi. Kwasi Wiredu ya kai ga irin wannan sakamako a 1987 game da harshen Akan na ƙasar Gana.

Sai dai a yi hattara ta fuska biyu. Maganganun yau da kullum ba aƙida ba ne: Bafaranshe har yau yana cewa ya haddace abu da zuciya, ba wanda zai ce bai san aikin ƙwaƙwalwa ba. Abin da suke nunawa shi ne tsofaffin shimfiɗu da sababbi suka hau kansu. Haka kuma zancen da aka saba yi, wai mutumin Afirka bai san rabuwar jiki da ruhi ba, misali na (5) ya isa ya rushe shi. Rabuwa tana nan. Wurin da aka sa wuƙa ne ya bambanta.

3. Shimfiɗa ta farko: doki da mahayi

Tsohuwar shimfiɗa ita ce ta Azna da ta bori. Kalmominta na barga ne. Wanda iska ke kamawa doki ne, mace kuma goɗiya. Iska yana hawa, yana sauka. Atishawa ce alamar saukarsa. Abin da baki ya faɗa lokacin hawa ba a ɗora wa doki, domin ba shi ya yi magana ba, kuma in ya farfaɗo ana ɗauka bai san abin da ya wakana ba. A nan jiki abin hawa ne wanda mai tafiyar da shi ke iya canzawa. Abin lura shi ne Dekart da kansa ya ƙi irin wannan kwatanci: ya ce mai tunani ba ya zaune cikin jiki kamar matuƙi cikin jirgi, haɗe suke. Bori ya fi shi raba su, sai dai mahayin da yake magana a kansa baƙo ne. Ina mai gidan yake tafiya a lokacin? A taron masana da aka yi a Paris a 1971 kan ma'anar mutum a Afirka, Jean Rouch ya bayyana cewa ga Zabarmawa da Songai inuwar mutum ce iska ke kawarwa ya zauna a gurbinta, abin da ya yi kusa da kurwarmu.

Wannan tsari yana da nasa rabe-raben cuta. Ƴan bori ba su ɗauki hawan iska a matsayin hauka ba. Ciwon da ya ƙi magani, ko faɗuwa, ko firgita, alama ce ta kira. Girka kuwa aikinta shi ne ta mayar da kamun da ba shi da lokaci ya zama hawa mai ƙa'ida, da kiɗansa, da ranarsa, da tufafinsa. Wanda girka ba ta saita shi ba, shi ake bari da sunan mahaukaci. Wasu cututtuka ma sunan iskan suke ɗauke da shi. Shan inna, ciwon da ke shanye ƙafar yaro, daga sunan Inna ya fito. Ma'aikatan rigakafi sun yi shekaru suna amfani da wannan suna a rediyo da ƙauyuka har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Afirka, ba tare da mai faɗa ko mai ji ya tuna da iskan ba. Kalma tana iya sake mazauni ta bar tsohuwar ma'anarta a baya.

4. Shimfiɗa ta biyu: malamai

Kalmar hankali kanta aro ce daga Larabci, daga aƙal, kuma yadda ta sauya kama ya nuna ta daɗe a harshen. Ruhi, niyya da aljan su ma daga can suka zo. Yankin da muke magana a kansa ba a gefe yake ba a wannan tarihi. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi, mutumin Adar ne, kuma jihadin da aka fara a 1804 a ƙasar Gobir aka yi shi, har Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Abubuwa uku malamai suka kawo. Na farko, hankali ya zama sharaɗin shari'a: baligi mai hankali shi ake ɗora wa salla da azumi, shi ake kamawa da alkawari. Duk almajirin da ya karanta Ahalari ya koyi cewa gushewar hankali tana warware alwala, ko ta hanyar barci mai nauyi, ko suma, ko maye na abin sha, ko hauka. A lura da wannan jeri: ya haɗa hauka da barci da buguwa, watau da abubuwan da kowa ya san jiki ne ke jawo su. Jimlarmu ta (2c) tana da wannan karatu a bayanta.

Na biyu, zuciya ta samu ma'ana biyu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, wanda kuma malaman Sakkwato suka dogara da shi a rubuce-rubucensu na gyaran hali, ya ware babi a cikin Ihya'u ga kalmomi huɗu na Larabci masu nufin zuciya, ruhi, rai da hankali. Game da zuciya ya ce akwai tsokar da ke ɓarin hagu na ƙirji, wadda dabba ma tana da ita, akwai kuma wani abu mai laushi wanda shi ne mai sani, shi ake yi wa hisabi. Bai manta da ƙwaƙwalwa ba: kamar Ibn Sina da likitocin Yunanawa kafinsa, ya sa tunawa da surantawa a cikin kogunanta, amma a matsayin rundunar zuciya. Saboda haka kuskure ne a ce Nasara ne ya fara haɗa tunani da ƙwaƙwalwa a ƙasar Hausa. Abin yana cikin littattafan zaure, sai dai bai sauko cikin maganar kasuwa ba.

Na uku, an sa wa bincike iyaka. Aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta mayar da al'amarin ruhi ga Ubangiji. Wannan ya bar jiki da cutarsa a buɗe ga mai neman sani, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani. Iskoki kuwa ba a musa samuwarsu ba. An haramta yi musu yanka, aka kira su aljanu, aka maye gurbin girka da rubutun sha, da tofi, da ruƙiyya wadda ta yaɗu ƙwarai daga shekarun 1990.

5. Shimfiɗa ta uku: kumandan da lokotoro

Haɗuwar farko tsakanin mulkin Faransa da wannan fahimta ba a ɗakin likita aka yi ta ba. A 1925, a ƙasar Kurfai ta wajen Filinge, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan wasu sababbin iskoki masu fareti da ba da oda irin na soja. Kumandan Croccichia ya sa aka kama su aka tsare a Yamai. Sunan da ya bi su shi ne Hauka, a ƙasashen Hausa kuma Babule, kuma Echard ta tarar da su sun zauna daram cikin borin Adar. A cikinsu akwai Gwamna, akwai Kumandan Mugu, akwai Lokotoro. Watau kafin likitan Nasara ya bayyana iska da harshensa, bori ya riga ya mayar da likitan iska. A fim ɗin da Rouch ya ɗauka a Akra a 1954, an ga mutanen da Hauka suka hau jiya suna aikinsu lafiya lau washegari, wasu ma a bakin asibitin masu taɓin hankali.

Magani ne ya kawo ƙwaƙwalwa cikin maganar talaka. Asibitin Galmi, tsakanin Ƙwanni da Madawa, ya buɗe a 1950. A 1952 Delay da Deniker suka gwada kulorpromazin a asibitin Sainte-Anne na Paris, aka ga ƙwaya tana kwantar da haukan da ake ɗaurewa da mari. Sanƙarau ma ya yi nasa karatun. Yankinmu yana tsakiyar zirin da Lapeyssonnie ya zana a 1963; annobar 1995 a Nijar da ta 1996 a arewacin Najeriya, inda mutum fiye da 100 000 suka kamu, sun bar yara da kurumta da raunin fahimta a gidaje da yawa, kafin a fara sabon rigakafi a Disamban 2010. Uwar da ta ga ɗanta ya tashi daga zazzaɓi da sanƙarewar wuya ya zama wani yaro daban ba ta bukatar Broca ya gaya mata inda abin ya taɓa. A wannan zamani ne taɓin ƙwaƙwalwa ya zo ya zauna kusa da taɓin hankali.

Farfaɗiya ce ta fi nuna abin da ke cikin wannan magana. Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa wani littafin likitancin Yunanawa ya ce daga ƙwaƙwalwa take. Hughlings Jackson ya bayyana ta a 1873 da cewa ɓarkewar aiki ce ta ƙwayoyin jijiya, kuma akwai maganinta mai araha, fenobarbital, tun 1912. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai, amma a ƙasashe matalauta kusan kashi uku cikin huɗu ba su samunsa. Tsada da nisa suna cikin dalilai. Fassara ma tana ciki: mai faɗuwa yana kumfa ya yi kama da wanda iska ya buge, saboda haka gidan boka da zauren malam ake fara zuwa, likita sai daga baya, wani lokaci bayan yaro ya faɗa wuta ko rijiya. Henri Collomb a asibitin Fann na Dakar daga 1959, da Adeoye Lambo a Aro kusa da Abekuta daga 1954, sun gane cewa ba a warkar da mutum da harshen da danginsa ba su ji, shi ya sa suka jawo dangi da masu maganin gargajiya cikin jinya.

6. Kammalawa

Shimfiɗun nan uku ba su kori juna ba. Mutum ɗaya a Buza yana iya shan rubutu da safe, ya karɓi ƙwaya a likita da hantsi, gwaggonsa kuma ta kai kaza inda ta sani. Wanda zai koyar da ilimin ƙwaƙwalwa da hali cikin Hausa dole ya san wace shimfiɗa kowace kalma ke tayarwa a kunnen mai sauraro. Muna ba da shawara kamar haka.

Idan esprit yana nufin aikin ganewa da tunani, a ce hankali ko tunani. Ruhi zai mayar da darasin tauhidi, iska kuma zai mayar da shi bori. Âme a rubutun Dekart ya fi kusa da rai ko ruhi, da sharaɗin a bayyana cewa shi ya ɗora masa tunani, abin da Hausa ta ba hankali da zuciya. Kurwa a bar ta ga nazarin al'ada, domin ba ta da takwara a cikin wannan muhawara. A bakin ma'aikacin lafiya, ciwon ƙwaƙwalwa ya fi taɓin hankali dacewa da farfaɗiya, tunda na biyun yana cire mutum daga sahun waɗanda ake aura, ake kuma karɓar shaidarsu.

Game da tambayar kanta, Hausa tana sauƙaƙa rabinta. Wanda ya saba cewa hankali yana tashi, yana kwanciya, yana gushewa da barci, ba zai yi mamaki ba in an ce masa hankali aiki ne na wata gaɓa. Sauran rabin, wanda Chalmers ya ware, aikatau ji yana faɗinsa a taƙaice: yaya aka yi nama yake ji? Wannan ita ce surar da muke ganin ya kamata a ba ɗalibi.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sashenmu. Hausa tana bambanta ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, abin da Faransancin majinyacin Broca ba ya yi. Tattara maganar Hausawan da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa musu harshe, a asibitocin Tawa da Galmi da Madawa, da yardarsu da ta danginsu, a duba abin da ke faɗuwa da abin da ke tsayawa, aiki ne da ya isa kundin digiri, kuma masu jinyar waɗannan mutane za su amfana da shi.